Yadda zaka zaɓi kamarar ganin zafi ta duba gida ba tare da an yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Kamarar ganin zafi ba ta gani ta cikin bango, gara a fara da wannan tun kafin a zo maganar kuɗi da sunan kamfani, don da yawa daga masu tambaya a kanta abinda ke ransu kenan, wai zasu haska bango su ga waya da bututu a kwance a ciki. A'a. Abinda take yi kawai shi ne karanta zafin da fuskar abu ke fitarwa ta mayar maka da shi launi. Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da idon mutum baya gani, wanda William Herschel ya gano tun 1800, su kuma waɗannan kamarorin na hannu suna kama ɓangarensa ne mai tsawon maikuromita 8 zuwa 14. To in bututun cikin bango ya ɗumama filasta ko ya sanyaya ta, ko ruwan yoyo ya jiƙa silin, sai ka ga alamar a fuskar wajen. In bai canza zafin fuskar ba, ko kamarar miliyan goma ce a hannunka babu abinda zaka gani. Haka kuma ba ita ce kamarar tsaro ta CCTV mai gani da dare ba, waccan fitila gare ta da take haskawa, kuma ba ita ce bindigar auna zafin goshi da aka cika gari da ita lokacin korona ba, ita waccan wuri ɗaya take aunawa ta baka lamba ɗaya, wannan kuwa wurare dubbai take aunawa a lokaci guda.

Wuraren nan dubbai su ne abu na farko da zaka duba, wato yawan fiksel na sensar zafi. Ka lura na ce na sensar zafi, don a nan ake yanka mutane. Zaka ga talla an rubuta 320x240 da manyan baƙi, ka sauko ƙasa can cikin ƙananan rubutu sai ka tarar wannan girman allon ne, ita sensar 32x24 ce ko 32x32, wasu ma 8x8. Irin waɗannan na ɗalibai ne masu haɗa na'ura a makaranta, basu da amfani a duba gida sam. Na gaskiya da ke kasuwa suna farawa ne daga 80x60, fiksel 4,800 kenan, sai 160x120 mai 19,200, sai 256x192 mai 49,152, sai 320x240 mai 76,800, a haura 384x288 da 640x480 waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin mai aikin gidaje. A Amurka, ƙa'idar RESNET ta masu duba gidaje da irin wannan kamarar ta sa 120x120 a matsayin mafi ƙanƙanta, kaga kenan 80x60 ko a takarda bata kai ba.

Bari in nuna maka da lissafi me ya sa. Ka ɗauka faɗin ganin kamarar digiri 50 ne, ka tsaya mita 3 daga bango, abinda zata ɗauko a faɗi wajen mita 2.8 ne. Raba shi gida 80, kowane fiksel ya ci santimita 3.5. Raba shi gida 256, kowane ya ci santimita 1.1. Kuma masu aikin sun san cewa kafin ka yarda da lambar da kamara ta baka sai abun ya cika aƙalla fiksel 3 a tsaye 3 a kwance, in ba haka ba zata gauraya zafinsa da na abinda ke kewaye ta baka lamba ƙasa da gaskiya. To mai 80x60 sai abu ya kai wajen santimita 10 kafin ta auna shi daidai daga wannan nisan, bakin wayar da ke cikin bureka kuwa ko santimita ɗaya bai cika ba. Shi ya sa wani zai haska akwatin wuta daga nesa ya ga digiri 45 ya ce lafiya lau, alhali in ya matso da kyau abun ya fi haka nesa ba kusa ba. Ni a ganina a yanzu 256x192 ita ce inda ya kamata mai son yin sana'a da abun ya fara, don kamfanonin China sun sauko da farashinta sosai, Topdon TC001, InfiRay P2 Pro, Hikmicro B20 da Pocket2, Uni-T UTi260B duk wannan ajin ne. A ɓangaren kamfanin FLIR na Amurka kuma, One Pro da C5 160x120 ne, sai ka je E8 kafin ka samu 320x240 kuma kuɗinta dubban daloli ne.

Akwai wata dabara kuma da kusan kowane kamfani yake yi yanzu, ta ƙara wa hoto fiksel da manhaja. Hikmicro na kiran nasu SuperIR, Testo na cewa SuperResolution, Topdon na cewa TISR. Misali ƙananan Hikmicro na jerin Eco sensarsu 96x96 ce amma hoton da suke nunawa 240x240. Ba haram bane, hoton yana yin sumul kuma yana kyau a rahoto, sai dai kamar ƙara ruwa ne a koko, kofi ya cika amma gasarar tana nan yadda take. Ka tambayi mai sayarwa lambar asali ta sensa, in ya fara kame-kame ka buɗe shafin kamfanin da kanka ka duba. Haka ma MSX na FLIR, wanda ke ɗauko zanen gefen abubuwa daga kamarar gani ta yau da kullum ya ɗora kan hoton zafi har ka iya karanta rubutun jikin bureka, abu ne mai daɗin aiki wallahi, musamman in mai gida zaka nuna wa, amma bai ƙara wa ma'aunin zafin komai ba, kuma a ɗaki mai duhu ko cikin silin baya aiki sai da haske.

Lamba ta biyu, wadda a wajenmu nan inaga ta kusa kamo ta farko a muhimmanci, ita ce NETD, ana rubuta ta da mK. Ita ke gaya maka ƙanƙantar bambancin zafin da kamarar zata iya rarrabewa kafin hoto ya koma dusa-dusa. 100 mK kashi ɗaya cikin goma na digiri kenan, 40 mK kuma 0.04. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau. FLIR One Pro 70 mK ce, yawancin masu 256x192 ɗin can suna rubuta 40 ko 50. Nemi 50 ko ƙasa da haka.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan, yawancin bidiyon da zaka gani ana gwada kamarorin nan a Turai da Amurka aka yi su cikin sanyinsu, waje ƙanƙara cikin gida an kunna na'urar ɗumama, bambancin ciki da waje ya haura digiri 20, to ko kamarar wasa ce zata nuna hoto raɗau. Ƙa'idar aikin ma tana son bambancin digiri 10 aƙalla tsakanin ciki da waje in rufin hana zafi ake dubawa. Mu kuwa gidan bulo ne da siminti, tagogi a buɗe, ciki da waje kusan ɗaya, in ba AC aka kunna ba. Ga babban aikin da za a fi kiranka a kai, yoyo da damshi, shi ma da damina yake zuwa. Wurin da ya jiƙe yana fitowa da sanyi a kamara ne saboda ruwan na tashi yana tafiya da zafi, to a watan Agusta da iska kanta cike take da laima ruwan baya saurin tashi, sai bambancin ya zama ɗan kaɗan, wani lokacin bai kai digiri ɗaya ba. Kamara mai rauni zata nuna maka bango launi ɗaya, mai kyau kuma zata fito maka da taswirar jiƙar tun daga inda ta faro. Da hunturu abun ya fi sauƙi, iska a bushe, ko ɗan tsatsar bututu ce sai ka ganta ta yi duhu.

Wannan ya kawo mu kan wani abu da mutane basa dubawa a talla, shin kamarar tana barinka ka kulle ma'aunin launi da hannunka? Kusan dukkansu in ka kunna suna kan otomatik, abu mafi zafi a hoton ya zama fari ko ja, mafi sanyi ya zama shuɗi. To ka ɗauka kana neman damshi a P.O.P sai ƙwan fitila mai digiri 60 ya shigo gefen hoton, shikenan duk launukan sun miƙe daga 28 zuwa 60, bambancin rabin digirin da kake nema ya ɓace. In tana da kulle na hannu sai ka matse shi ka ce daga 27 zuwa 31 kawai nake so, nan take abun ya fito. Kuma otomatik ɗin nan shi ke tsorata masu gida a banza, soket ya fi bango ɗumi da digiri 2 kacal amma ya fito ja wur sai ka ji ana salati. Kamarar da bata da wannan saitin kar ka saya don aiki, komai arhar ta.

Sai emisibiti, wato lambar da ke nuna yadda fuskar abu ke iya fitar da zafinta, daga 0 zuwa 1. Kowane abu da yadda yake fitar da zafinsa, bango mai fenti, katako, siminti, roba, fatar mutum duk suna wajen 0.90 zuwa 0.98, basu da matsala, ka bar saitin a 0.95 ka ci gaba. Ƙarfe mai sheƙi ne bala'in, jan ƙarfe sabo ko alminiyom mai walƙiya yana iya sauka ƙasa da 0.1, ma'ana abinda kamara ke gani a jikinsa yawanci zafin abubuwan da ke kewaye ne yake dawo da shi, har da naka jikin. Sabon kwano, tukunyar silba, sandar jan ƙarfe ta cikin akwatin wuta, duk ƙarya zasu yi maka. Maganin mai sauƙi ne, in wuta a kashe take ka manna baƙin salatif na masu wayarin a wajen, in an kunna ya ɗauki zafi sai ka auna kan salatif ɗin, ko ka auna robar jikin waya daf da inda aka ɗaure ta. Gilashi ma haka, kamarar bata ratsa shi, in ka haska taga kanka zaka gani, shi ya sa ma idon kamarar ba da gilashi na yau da kullum ake yinsa ba, sau da yawa da wani ma'adini ne mai suna jamaniyom. Tayil mai sheƙi shi ma yana dawo da zafi, in ka ga tabo a tayil ka matsa gefe, in tabon ya bi ka to inuwar zafinka ce. Don haka tabbatar kamarar na barin a canza emisibiti da kuma zafin da ke dawowa daga kewaye.

Fokos kuma, wato saita ido hoto ya fita tangaran, ƙananan yawanci a kafe yake, daga wajen rabin mita zuwa sama komai na fita daidai gwargwado, kuma don aikin ɗaki ya wadatar. Mai juyawa da hannu ta fi in zaka riƙa ɗaukar rufin bene daga ƙasa ko fanel ɗin sola daga nesa. Abu ɗaya dai ka sani, launi da emisibiti ana iya gyara su a kwamfuta bayan an dawo gida, hoton da fokos ɗinsa ya gurɓace kuwa ya tafi kenan. Faɗin gani tsakanin digiri 40 zuwa 56 shi ya dace da ɗakunanmu, mai ƙunci zata sa ka riƙa ja da baya har ka bugi bango.

Zaka ga wasu an rubuta 9 Hz wasu 25 Hz. Wannan saurin sabunta hoto ne. Ƙananan kamarorin FLIR da yawa an tsayar da su ƙasa da 9 ne saboda dokar Amurka ta fitar da irin wannan kayan waje, tunda sojoji ma na amfani da fasahar, na China kuma 25 suke zuwa. Bango baya gudu, don haka 9 ma tana aiki, illa dai in kana yawo da ita hoton na ɗan tsalle sai ka rage sauri. Kar wannan ya zama abinda zai yanke maka hukunci. Haka iyakar zafi, wasu na tallar suna kai digiri 550, a gida babu abinda zaka yi da shi, daga -20 zuwa 150 ya ishe ka, sai dai in kana haɗawa da duba salansar janareta ko injin niƙa.

Yanzu ta maƙalawa a wayar salula ko mai zaman kanta? Ta waya ta fi arha nesa, masu 256x192 suna yawo tsakanin dala 200 zuwa 300, a naira kuwa sai ka duba canjin ranar don ba abu ne mai zama wuri ɗaya ba. Hotonta a babban allon waya yana da kyau, ka ɗauka ka tura wa mai gida a WhatsApp nan take. Matsalolinta kuma sai ka fara aiki zaka sani. Tana shan batirin waya, wayar na ɗaukar zafi a watan Afrilu da gari ke haura digiri 40, kira na shigowa ana tsaka da aiki, bakin cajin na iya karyewa in ka bugi tsani, kuma ranar da ka canza waya ko manhajar ta daina tafiya da sabon Android sai ka koma kallonta. Kafin ka biya ka tabbatar wayarka na da OTG, wato damar jona mata wata na'ura ta bakin caji, a Tecno da Infinix sau da yawa sai ka shiga saiti ka kunna shi da kanka, kuma ka lura ta Android daban ta iPhone daban a wasu kamfanonin, ga shi iPhone ta koma USB-C tun daga 15 a 2023, to tsohuwar mai bakin Lightning bazata shiga ba. Akwai kuma wayoyi masu ƙarfin jiki da ke zuwa da kamarar a jikinsu, Cat S60 ce ta fara a 2016, Ulefone da Blackview da Doogee suna yi, su ma dai sensar zaka duba kamar kowacce.

Mai zaman kanta, mai mariƙi irin na bindiga ko mai shiga aljihu, ita nake ba mai wayarin ko mai haɗa sola ko mai gyaran famfo shawara in har kullum zai fita da ita. Hannu ɗaya take buƙata, ɗayan na riƙe da tsani. Nemi mai alamar kariya ta IP54 saboda ƙura, da wadda aka rubuta tana jure faɗuwa daga mita 2, da batirin da zai kai awa 4 ko fiye kuma ana cajinsa da USB-C yadda fawa bank zai ɗauke ta, tunda ba kowane gidan da kaje zaka samu wuta ba. Wanda kuma gidansa kawai zai riƙa dubawa, ko ejan da ke son leƙa gida kafin ya kai mai saye, ta waya ta ishe shi.

Kar ka manta da irin hoton da take ajiyewa. Akwai wanda hoto ne kawai na launi, akwai wanda kowane fiksel ke riƙe da lambar zafinsa ta yadda in ka buɗe a manhajar kamfanin zaka taɓa ko'ina ka ga digirinsa, ka canza launi, ka fitar da rahoto. Na biyun kake so, kuma da hoton gani na yau da kullum a gefensa, don bayan kwana biyu kai kanka bazaka tuna wane kusurwar ɗaki bane wannan shuɗin. Sauke manhajar ka gwada tun kafin ka sayi kamarar, kyauta ce yawanci, in ta cika wahala ko sai da intanet take buɗewa ka san da haka. Batun daidaito kuma, masu kyau suna rubuta ±2 digiri ko kashi 2 cikin ɗari, wasu na waya ±3 ko kashi 5. Kar ya dame ka sosai, aikin duba gida kwatance ne, wannan wajen da na kusa da shi, ba wai ainihin lambar ba.

In kana gaban mai shago ko kaya sun iso, ga gwajin da zaka yi cikin minti kaɗan. Kunna ta ka bar ta ta ɗan zauna. Dafa tafin hannunka a bango na daƙiƙa biyu zuwa uku ka ɗauke, ya kamata ka ga yatsu biyar rarrabe kuma shatin ya jima kafin ya ɓace, mai kyau ma har sawun ƙafa a tayil take nunawa. Haska bango fili wanda babu komai, ka duba ko akwai ɗigo da ke tsaye wuri ɗaya duk inda ka juya, wannan mataccen fiksel ne, ko layi-layi, ko gefen hoton ya fi tsakiya duhu sosai. Zuba ƙanƙara da ruwa a kofi ka juya, ya kamata ta karanta kusa da 0. In kaji tana ɗan yin ƙas hoton ya tsaya na ƙiftawar ido, ba lalacewa bace, murfin ciki ne ke rufewa tana daidaita kanta, duk suna yi. Ta hannu kuma, wato wadda aka yi amfani da ita, ka kalli idon a haske ko ya karce, ka tambayi batir, kuma in a intanet ne kar ka tura kuɗi sai ka ga bidiyon tana aiki da lambar jikinta. Waranti ma ka tambaya a ina ake gyara, in sai an mayar da ita ƙasar waje to ka ɗauka babu.

To ka saya, sai sanin lokacin fita da ita, wanda gaskiya ya fi alamar kamfanin da ke jikinta tasiri. Bangon da rana ta daka tun safe yana riƙe zafi na awanni, in ka haska shi da la'asar rana kawai zaka gani. Bangon waje da asuba ake dubawa kafin rana ta fito. Rufin dekin kuma ta sama bayan faɗuwar rana, inda ruwa ya kwanta a ciki yakan jima bai huce ba sai ya fito da ɗumi, ta ƙasa a cikin ɗaki kuma jiƙar da sanyi take fitowa, kaga abu ɗaya ne amma launi biyu, wanda bai san wannan ba sai ya rikice. Silin da ke ƙarƙashin kwano da tsakar rana ya fi nunawa, a kunna AC a rufe ɗakin na awa ɗaya ko biyu, zaka ga inda zafi ke sauka da inda iskar waje ke kutsowa ta gefen taga da ƙarƙashin ƙofa. Bututun cikin bango ma akwai dabara, tankin roba da ke sama ruwansa na yin zafi da rana, to ka buɗe famfo da yamma ka bar shi ya zuba na wasu mintuna, sau da yawa sai layin bututun ya fito da ɗumi a jikin filasta ko tayil in bai yi zurfi ba, kuma inda yake tsatsa sai layin ya baje.

Wuta kuwa sai da lodi. Gidan da aka ɗauke wuta ko babu abinda ke kunne, akwatinsa sanyi ƙalau zai nuna ko da wayarin ɗin ya ruɓe. A kunna AC, hita, dutsen guga, injin jan ruwa, a bar su su yi aiki na ɗan lokaci, masu ƙa'ida na cewa lodin ya kai kashi 40 cikin ɗari aƙalla. Murfin akwatin dole a buɗe shi tunda kamara bata ratsa ƙarfe ko roba, kuma wannan aikin mai wuta ne, in ba sana'arka bace ka tsaya baya ka bar shi ya buɗe. Yadda ake karantawa, in zafin ya taru a bakin ɗauri yana raguwa in ka bi wayar, ɗaurin ne ya saki ko ya yi tsatsa. In wayar gaba ɗaya ta yi zafi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, lodi ya fi ƙarfinta ko siririya aka sa, robar PVC ta wayar gida kuma digiri 70 aka yi ta ta jure. Kwatanta abu da ɗan uwansa mai lodi iri ɗaya, a jadawalin NETA, ƙungiyar masu gwajin kayan wuta da ke Amurka, bambancin digiri 1 zuwa 3 a sa ido, 4 zuwa 15 a gyara in an samu dama, sama da 15 a gyara yanzu. Canjoba, kan batir da bayan inbata su ne wuraren da zan fara haskawa a kowane gida, don nan ne ake yawan ɗaurin gaggawa. Fanel ɗin sola kuma akasin bango ne, shi rana tsaka yake so, ƙa'idar IEC ta ƙasa da ƙasa ta ce hasken ya kai wat 600 a kowace murabba'in mita, kuma yana haɗe yana aiki, sannan ka tsaya a karkace kar ka ɗauko inuwarka ko ta rana a gilashin. Kashin tsuntsu da ƙura ma na sa sel ɗaya ya yi zafi, a goge a sake dubawa kafin a ce fanel ya mutu. Ita ranar kanta kar ka taɓa saita kamarar a kanta, tana iya bar wa sensa tabo.

Abubuwan da bata yi kuma ka faɗa wa mai gida tun a ƙofa. Bata ganin yoyon gas na girki, wannan wata kamara ce daban mai tsadar gaske, ruwan sabulu ya fi ta amfani a nan. Gara wani lokacin takan nuna in ta yi gida babba mai laima, amma kar ka yi alkawari. Tsagewar gini ko ƙarancin rodi a ginshiƙi aikin injiniya ne. Kuma in gidan iyali ne ka yi bayani cewa bata ganin mutum ta bayan bango, ka nuna musu allon su gani da idonsu, hankali ya fi kwanciya a bar ka ka yi aikinka.

A kasafinka ka ware kuɗin na'urar auna damshi, mai allura biyu ko wadda ake dafawa a bango, da kilam mita ta auna amfiya. Shuɗin da ka gani a silin yana iya zama ruwa, yana iya zama iskar AC ce ke bugun wajen, ko ƙarfe ne a bayan filasta, kamara bazata rarrabe maka ba sai ka dafa ma'aunin damshi. Jan da ka gani a bureka ma sai ka san amfiya nawa ke wucewa kafin ka ce matsala ce. Da a ce kuɗinka na kamara mai 320x240 ne cif ba canji, ni zan ce ka sauko 256x192 ka sayi waɗannan biyun da ragowar, har da jaka mai tauri, don idon nan baya son ƙurar hunturu kuma ba a goge shi da bakin riga, hura masa iska ake yi sannan a bi da ƙyallen goge tabarau a hankali. Kar kuma ka bar ta a mota a rufe cikin rana, yawancinsu digiri 50 ne iyakar zafin da aka yarda su yi aiki a ciki. In kuma kana son kamfanoni ko masu manyan gine-gine su karɓi rahotonka, akwai kwas na matakin farko da cibiyoyi irin su ITC da Infraspection ke bayarwa, wasu ta intanet, amma kafin nan ka fara da gidanku, ka haska ɗaki ɗaya da asuba, da azahar, da bayan isha'i, ka ajiye hotunan uku gefe da gefe ka kwatanta.